Gumbo za ku ci, ku bar tiren kirofish

Hajiya, kin tambaya wanne za ku ci tsakanin tafasasshen kirofish da gumbo, miyar nan da ake ci da shinkafa, to ni dai gumbo nake cewa ku ci, gumbon kayan ruwa, kuma tunda kin ce ɗan ƙaramin gidan abincin Kejun ne, wato mutanen karkarar kudancin jihar Luwiziyana a nan Amurka, a gefen garin Lafayette kuma ku da yawa ne, ki buga musu waya tun kafin ranar, don irin waɗannan wuraren sau ɗaya suke ɗora tukunya da safe, in ta ƙare shi ke nan ba sa sake wata sai gobe.

Shi kirofish na taɓa sa kuɗina na saya na tashi ban ƙoshi ba, shi ya sa ba zan daɗe a kansa ba. Ba irin busasshen nan da muke dakawa mu zuba a miya ba ne fa, wannan da ransa ake jefa shi a tukunya, tsawonsa kamar yatsa, yawancinsa a gonakin shinkafa ake kiwonsa, in an girbe sai a sake cika gonar da ruwa, sauran kuma daga fadamar Atchafalaya ake kamo shi. Za a jibge miki shi ja wur a tire da masara da dankalin turawa, ki yi ta murɗe kai kina ɓare wutsiya, kuma naman da ke ciki bai wuce kashi 15 cikin ɗari na nauyinsa ba, wato laba 3 da suke cewa na mutum ɗaya ne ko rabin laba na nama ba za ki samu ba. Ga barkono har gwiwar hannu, ga mayafi ya ɓaci, yara kuma ke za ki zauna kina ɓare musu naki na hucewa. Yana da daɗi, ban hana ba, amma abin zaman tsakar gida ne da hira, ba abincin mutanen da suka tuƙo mota awa uku da rabi daga Houston da yunwa ba.

Gumbo kuwa shi ne inda ake gane ko mai wurin ta iya girki. Tushensa abin da suke kira roux, fulawa da mai ake zubawa a tukunyar ƙarfe mai kauri, a tsaya a kai ana juyawa a wuta kaɗan kaɗan wajen minti 40 wani lokaci har awa guda, har sai ta koma kalar cakulan, kuma in aka ɗauke ido ta kama ƙasa to sai dai a zubar a fara sabo don ɗacin nan ba ya fita. Daga nan a zuba albasa da seleri da koren tattasai, ukun nan ba a raba su a girkin Kejun, sai tafarnuwa, sai romon da aka dafa da ɓawo da kawunan jatan lande, a bar shi ya yi ta dahuwa a hankali, can ƙarshe a saka jatan landen da ƙaguwa, wasu har da kawa, don su ba sa son daɗewa a wuta. Ruwa-ruwa yake zuwa a kwano da ɗan tulin farar shinkafa a tsakiya, duhu ne da shi, ƙamshinsa na abin da aka soya ne har ya kusa ƙonewa amma bai ƙone ba. In kin ga an kawo shi ja da tumatir to wannan hannun New Orleans ne, girkin Kiriyol, mutanen karkarar Lafayette yawanci ba sa saka tumatir. Za ki ga wani koren gari a ɗan kwalba a kan tebur, filé sunansa, busasshen ganyen bishiyar sassafras ne aka daka, aikinsa kusan aikin kuka a wurinmu, yana ɗaure miya ya ba ta ƙamshi, daga ƙabilar Choctaw suka koya, amma sai an sauke ake barbaɗawa kuma kaɗan, in aka tafasa da shi sai ya yi zare-zare. Kuma kar ki yi mamaki in sun kawo da salak ɗin dankali a gefe, a yankin har cikin kwanon suke jefa shi su ci tare, ki gwada cokali ɗaya kafin ki yanke hukunci.

Abin da ya sa na riƙe gumbo a rai, lokacin da Umma ta zo mana daga Kano ganin jika ta ƙi abincin ƙasar nan sam, komai aka kawo sai ta ce ba gishiri ba yaji, tuwo kawai nake tuƙa mata. Wata rana da sanyi ana yayyafi muna dawowa ta hanyar I-10 muka tsaya wani ɗan wuri kusa da Breaux Bridge, tebura kaɗan ne, wata dattijuwa ce ke girkin da kanta, jikarta na kai abinci. Na fara tambayar alade ina ɗari-ɗari don wasu sai su ɓata rai, wallahi matar nan ba ta nuna komai ba, ta yafito ni har ƙofar kicin ta buɗe min tukwane biyu, ta nuna min wadda ke da sosej ta ce kar mu taɓa, ta nuna ɗayar ta kayan ruwa zalla da ludayinta daban, har galan ɗin man da ta soya fulawar da shi ta ɗago min na karanta. Umma ta sa cokali ta tsaya, ta ce ke wannan ai kuɓewa ce, ya aka yi ba ta yauƙi, na fassara wa matar, ta yi dariya ta ce soya ta take yi da farko a wuta kaɗan har yauƙin ya mutu kafin ta zuba a tukunya. Sai ga su nan su biyu ba mai jin yaren wata suna ta kwatance da hannu, Umma na nuna mata yadda muke yanka ta mu shanya mu daka, ita kuma tana mamakin ana busar da kuɓewa. Umma ta cinye ta ce a ƙaro, kuma da za mu tafi matar ta cika mana roba ta ƙi karɓar kuɗinta. Ita kuɓewar ai daga Afirka ta je can tare da bayin da aka kwasa, su kuma Kejun ɗin jikokin Faransawan Akadiya ne da Turawan Ingila suka fara kora daga gabashin Kanada a 1755 suka ƙare a fadamun kudancin Luwiziyana, talakawa ne manoma da masunta, shi ya sa girkinsu na tukunya ɗaya ne mai ciyar da gida guda, har a 2004 jihar ta ayyana gumbo a matsayin abincinta a hukumance.

To yanzu maganar alade, don nan ne ya kamata ki fi buɗe ido, kuma nan ma gumbo ya fi sauƙin tantancewa. Mutanen nan suna son alade ƙwarai. Andouille da za ki gani a menu sosej ɗin alade ne mai hayaƙi, boudin alade ne da shinkafa a cikin hanji, tasso alade ne, cracklins fatar alade ce da kitsenta. Gumbon kaza kusan kullum da andouille yake zuwa, ki bar shi, ga kuma maganar yankan kazar wadda kowa ya san abin da malaminsa ya faɗa masa. Jambalaya, dafa-dukarsu ke nan, na san yara za su nuna ta don ta yi kama da abin da suka sani, amma da wuya ki samu wadda ba sosej, kuma cire sosej daga faranti ba ya cire kitsen da ya riga ya narke a shinkafar. Jan wake da shinkafa da ƙashin alade ake dafa shi, har koren waken da ake kawowa a gefe sau da yawa da ɗan naman alade a ciki. Shi kansa tafasasshen kirofish wurare da yawa a tukunya ɗaya suke jefa sosej da masara da dankali, wasu har giya suke tsiyayawa a ruwan, kin ga ko kin ce ba kya son sosej ruwan ɗaya ne. Kuma kar ki tambayi weta wai akwai alade, zai ce miki babu da zuciya ɗaya don shi a ganinsa sosej daban alade daban, ki ce a kira miki mai girkin, ki tambaye ta abu uku, akwai sosej ko tasso a tukunyar kayan ruwan, da wane mai aka soya fulawar don tsofaffin hannu da kitsen alade suke yi, sannan romon na mene ne. In an ce miki sosej ɗin na talotalo ne ki tambayi fatar da aka ɗura shi a ciki, galibi hanjin alade ce.

Mu 'yan Malikiyya duk abin ruwa halal ne gare mu, amma in akwai wanda zai zo da aboki mai bin Hanafiyya su kifi kawai suke ci, sai a yi masa odar tarwaɗa da aka soya da garin masara, suna yin ta da kyau sosai, a dai tambaya ko a man da suke soya ƙwallayen boudin ake soya ta.

Ba ki tambaya ba amma bari in faɗa miki, akwai 'yan cuwa-cuwa a harkar nan. Wasu za su rubuta Kejun da manyan baƙaƙe a ƙofa su rataya hoton jirgin masunta, alhali wutsiyar kirofish ɗin daskararriya ce daga ƙasar Sin, jatan landen kuma daga Indiya ko Ekwado, su sayar miki da kuɗin na gida. Abin ya yi yawa har Luwiziyana ta yi doka a 2019 cewa duk gidan abincin da ke amfani da na waje sai ya rubuta a menu ko ya kafa sanarwa, to ki duba takardar da kyau, in ba ki gani ba ki tambaya kai tsaye, mai na gida da alfahari zai faɗa miki har garin da aka kawo shi. Sannan kirofish lokaci gare shi, yana fara fitowa cikin sanyi, ya yi kyau daga Maris zuwa Mayu, zuwa ƙarshen Yuni ɓawon ya yi tauri an tashi, duk wanda ya ce zai tafasa miki sabo a watan Satumba ko Oktoba daga firiza ya ɗauko. In kin ga ba a rubuta kuɗi ba an sa farashin kasuwa kawai, ki tambayi kuɗin laba ɗaya kafin a ɗora, don yana tashi sosai, a 2024 bayan farin da aka yi a 2023 sai da gwamnan jihar Jeff Landry ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan harkar saboda ƙarancinsa, kuma wasu da suka ɗaga kuɗi a lokacin ba su ga dalilin saukewa ba. Wasu kuma da masarar da dankalin da ruwan da bai tsane ba suke auna miki. A gumbo ma ana yi, a sayo roux na kwalba a tsinka da ruwa a jefa 'yan jatan lande ƙanana a cika da barkono, alamarsa za ki ji yaji da gishiri kawai ba zurfin ɗanɗano, don asalin girkin Kejun ba wai ya ƙona baki ba ne, Tabasco ɗin nan da ake yi a Avery Island kusa da su a kan tebur ake ajiye shi kowa ya ƙara daidai bakinsa.

Ga yadda zan yi in ni ce ke. Kowa babban kwanon gumbon kayan ruwa, ba ƙaramin kofin da suke kawowa na buɗe baki ba. Wanda ya nace sai ya ɗanɗana kirofish a yi masa étouffée, wutsiyoyin ne an riga an ɓare an dafa su cikin bota da albasa a zuba a kan shinkafa, ya ci da cokali hankali kwance, a tambaya dai ko sun saka giya a ciki. Yara tarwaɗa da soyayyen dankali. In har lokacinsa ne kuma sun tabbatar miki tukunyar ba sosej, to ku sayi laba 3 kacal a ajiye a tsakiyar tebur kowa ya ɓare biyu uku ya ɗauki hoto ya huta. Kayan zaƙi kuma bread pudding ɗinsu miyar da ake zubawa a kai yawanci da barasa ake haɗa ta, ki ce a kawo ba ita.

Ranar kuma ki lura, yankin 'yan Katolika ne sosai, lokacin azuminsu kafin Ista ba sa cin nama ranar Juma'a, to ranar ce aka fi samun gumbon da ba nama ko kaɗan, amma ranar ce kuma wurin ke cika maƙil, don haka in Juma'a za ku je ku isa da wuri. Yawancin ƙananan wuraren nan ba sa kaiwa dare, wasu ma Lahadi ko Litinin a rufe suke. Ki tambaye su a waya ko suna raba bil, sannan ki sanar da kowa a guruf cewa in taro ya kai mutum shida ko takwas wurare da yawa suna ƙara kashi 18 ko 20 na ladan weta a cikin bil ɗin da kansu, kar wani ya sake biya a kai.