Gargaɗi ga masu jiragen faiba a Lagdo da Maga: ana cusa soson katifa a madadin kumfa

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na 'yan'uwana ne masu kwale-kwalen faiba a tafkin Lagdo da na Maga da bakin kogin Binuwai, a arewacin Kamaru. Akwai wani mutum da yake zagaya tashoshin ruwa a kan babur da jarkoki biyu, yana cewa shi gwani ne wajen sauya kumfar da ke ƙarƙashin daɓen jirgi, kuma ni kaina na faɗa hannunsa.

Duk wanda ya daɗe da jirgin faiba ya san cewa a ƙarƙashin daɓen da ake takawa akwai kumfa mai tauri, wadda aikinta shi ne ta riƙe jirgi a saman ruwa ko da ya cika maƙil ko ya kife. Idan jirgi ya tsufa, ruwa yakan bi ta tsaga da ramukan ƙusa ya jiƙa ta a hankali, har jirgin ya yi nauyi, injin kuma ya riƙa shan mai fiye da kima. Halin da nawa yake ciki ke nan lokacin da mutumin ya same ni, ya ce: “Alhaji, kayana daga Duwala nake kawo su, kwana uku kawai za ka ba ni.” Muka yi ciniki a kan jaka 180 ta sefa, na ba shi rabi nan take. Sai ya ce ba a tsayawa a kan aikin saboda warin maganin yana taɓa ido da ƙirji. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin haɗin yana da illa ga numfashi, kuma da ita ya kawar da ni daga wurin. Ranar da na je karɓa ya nuna mini rami guda cike da kumfa ruwan ɗorawa, na danna da yatsa na ji tauri, na cika masa kuɗinsa.

Damina ba ta yi nisa ba jirgin ya fi yadda yake a baya nauyi. Da muka yanke daɓen, kumfar da aka nuna mini ba ta wuce kaurin yatsa biyu ba, ita ma irin ta gwangwanin fesawa ce da magina suke toshe gefen ƙofa da ita. A ƙarƙashinta guntayen soson katifa ne, da farin abin nan da ake tokare firji da talabijin a cikin kwali, har da tsofaffin buhunan shinkafa. Yarona ya ɗauki guntun soso guda ya matse, ruwa mai wari ya kusa cika kwanon sha. A wajen tankin mai kuwa farin ya narke ya zama kamar ƙaro, domin fetur yana cinye shi. Da wannan jirgi na yi ta ɗaukar mata da yara da buhunan kifi a tafkin da iska take tayar da igiya a farkon damina. Allah ne kawai ya kiyaye.

Kumfar gaskiya ruwa biyu ce a mazubi daban-daban. Ana haɗa su daidai wa daida, a gauraya da sauri, a zuba, sai haɗin ya yi ɗumi ya tashi cikin 'yan mintoci, kuma a zafin Garwa na watan Afrilu ya fi saurin tashi. Ƙananan ramukan iskar da ke cikinta a rufe suke, shi ya sa ba ta shan ruwa kamar soso. Irin wadda aka fi zuba wa ƙananan jirage, mita kubik ɗaya nauyinta wajen kilo 32 ne, alhali ruwa mai wannan girma kilo 1,000 ne, don haka tana iya tallafe fiye da kilo 900. Lissafin da ya kamata in yi tun farko ke nan: wanda zai cika rabin mita kubik yana buƙatar wajen kilo 16 na haɗin, ni kuwa ko ɗaga jarkokinsa ban yi ba.

Wanda zai yi wannan gyara ya sa a yi shi a fili inda iska take kaɗawa, ya tsaya yana kallo, kuma kada a liƙe daɓen sai ya ga an kwashe tsohuwar kumfa, cikin jirgin ya bushe sarai. Ya yanki guntun sabuwar kumfar daga can ƙasa, ya danne shi da dutse a bokitin ruwa ya kwana, da safe ya matse. Wani guntun kuma ya ɗiga masa fetur ya ga ko zai narke.

Na kai ƙara wurin jandarma, na kuma sanar da sarkin ruwanmu, amma lambar mutumin a kashe take. Jirgina yana kife a bakin gaɓa yana shan rana, ƙaramin da nake fita da shi kuwa na ɗaure masa jarkoki shida masu lita 20 a ƙarƙashin benci, babu komai a cikinsu, murafensu a ɗaure tam.