Motar da ta kai mu kallon wasan wuta a Kornish ɗin Jidda, abin da na gani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda Yaumul Watani, wato ranar ƙasa ta Saudiyya, ya matso, 23 ga Satumba, mata da yawa a nan Makka suna ta tambayata labarin motar da muka ɗauka da ƙaramar Sallah muka je Kornish, wato bakin tekun Jidda, kallon wasan wuta da yara, wai shin ta biya kuɗinta ko kuwa gara mutum ya shiga jirgin ƙasa. To bari in faɗa muku komai, da mai daɗin da mara daɗin, kowa sai ta duba yanayin gidanta.

Ni dai ra'ayina shi ne in kina da ƙananan yara, irin 'yan shekara biyu zuwa shida ɗin nan, ki ɗauki irin wannan motar, amma akwai abu ɗaya da ba zan sake yarda da shi ba, zan zo kansa.

Motar Hiace ce ta wani ƙaramin kamfanin haya mai lasisi, ba kaddadi ba, wato masu ɗaukar fasinja ba lasisi, kuma wannan ne abu na farko da maigidana ya tabbatar kafin ya ba da kuɗin kafin alƙalami, don duk wanda ke bin hanyar nan ya san shingen bincike na Shumaisi ba wurin da za ka so a tsayar da kai da dare da yara suna barci a cinya ba ne. Direban dattijo ne Bahaushe haifaffen Jidda, kakanninsa irin mutanen nan ne da suka zo hajji ta ƙasa suka biyo ta Sudan suka zauna, Hausarsa rabi da rabi ce da Larabci amma ana fahimtarsa sarai, yara tun kafin mu fita unguwa har sun fara ce masa Kawu. Gida uku muka haɗu muka raba kuɗin, mu da ƙanwar maigidana da maƙwabciyarmu.

Masu cewa a shiga jirgin ƙasa na Haramain, eh jirgin yana da kyau da sauri, tun 2018 da aka buɗe shi ya sauƙaƙa wa mutane sosai, ba na musu. Amma a tashar Sulaimaniyya zai sauke ki, daga nan zuwa Kornish ta arewa wata tafiyar ce daban, sai kin nemi tasi, ga tabarma ga kular ruwa ga keken jariri ga jakar famfas, sannan in an tashi ki sake neman wata tasin a daidai lokacin da dubban mutane su ma ita suke nema, yaro kuma ya riga ya yi barci a kafaɗarki. Ga marasa yara ko masu manyan yara jirgin ya wadatar. Mu kam a'a.

Inda dattijon nan ya burge ni shi ne sanin gari. Hai'ar Tarfih, wato hukumar nishaɗi, ta sanar cewa ƙarfe tara na dare za a fara, a Jidda kuma wajen Art Promenade ne, can kusa da inda ake tseren motocin Formula 1. Makka zuwa Jidda wajen kilomita 80 ne, awa ɗaya ko ƙasa da haka in hanya ta yi kyau, shi ya sa mu a lissafinmu bayan Magariba za mu tashi. Shi kuwa ya kafe sai dai bayan La'asar. Da na yi masa ƙorafi cewa yara za su gaji da zaman jira sai ya ce, "Hajiya ai ba hanyar Makka ce matsala ba, Ɗarikul Malik ne, titin da ake bi a shiga Kornish, in Magariba ta yi ba ki shiga ba to daga cikin mota za ki ji ƙarar kawai." Kuma haka ɗin ne wallahi, don muna zaune a kan tabarmarmu muna ganin yadda titi ya cushe, motoci ba gaba ba baya, wasu har wasan ya ƙare ba su samu wurin ajiye mota ba. Mu kuwa mun isa da sauran rana, muka yi Magariba a Masallacin Rahma, wanda aka gina a kan ruwa ɗin nan, yara suka sha iskar teku suka yi guje-guje, muka ci wainarmu da sambusa da muka taho da su daga gida hankali kwance.

Sai kuma wurin zama, wanda a ganina shi ne ainihin abin da muka biya. Kowa in ya zo gaba yake so, kusa da inda ake harbawa, mu ma da farko can muka nufa. Ya ce a'a, ya mayar da mu ta arewa da wurin, da ɗan nisa, inda ake ganin sama fili ba gini ba komai. Dalilinsa biyu. Na ɗaya iskar Jidda yawanci daga arewa take busowa, don haka hayaƙin kudu zai nufa, wanda ya zauna ta kudu shi zai shaƙe shi, kuma ɗan maƙwabciyarmu yana da asma, da ma uwarsa da fargaba ta fito har da abin shaƙarsa a jaka, alhamdulillahi ko tari bai yi ba. Na biyu ƙara. Duk uwar da ta taɓa riƙe ɗan shekara biyu lokacin da abin nan ya fashe a kusa ta san yadda jikin yaro ke ɓari, wani yaron daga ranar ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya firgita. To in kina nesa haske ne ke fara zuwa sannan ƙara ta biyo baya, don ita ƙara wajen mita 340 kawai take ci a daƙiƙa ɗaya, kenan in tsakaninku kilomita ɗaya ne kina da kusan daƙiƙa uku. Dattijon sai ya mayar da abin wasa, ya ce wa yaran da kun ga haske ku toshe kunne ku ƙirga, suka dinga ɗaya biyu uku sai dum, su kwashe da dariya. Autana da ko injin markaɗe aka kunna sai ya ruga bayana, shi ma har tafi yake yi yana nuna koren da jan. Ni wannan kaɗai ya ishe ni, don abin da na fito nema kenan, yara su ga abu mai kyau ba tare da an tsorata su ba.

Bari in ɗan kauce kaɗan. Wannan ne ma ya sa nake son a dinga kai yara irin wannan wurin maimakon taratiʼin da ake sayar musu a ɓoye a lungu duk Sallah, wato ƙananan abubuwan fashewar nan na wasan yara. An hana sayar da shi, Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, kullum cikin gargaɗi suke, amma har yanzu za ki ga yaro ɗan shekara bakwai da ashana a hannu yana kunnawa a ƙofar gida, kuma dukkanmu mun san gidan da aka taɓa kwana a asibiti saboda shi. In yaro ya san za a kai shi ya ga na gaske a sama, rigimar a saya masa na lungu tana raguwa, a gidana dai na ga haka.

Wasan kansa bai daɗe ba fa, kar wata ta je da tunanin awa guda za a yi, 'yan mintoci ne an gama. Ki gaya wa yara tun daga gida don kar su yi ta kuka a ƙaro. Babbar 'yata ta so a wuce da mu mu ga Nafurar Sarki Fahad, mai cilla ruwa sama da mita 250 ɗin nan, ya ce mata yau ba ranarta ba ce, tana can kudu wajen Hamra kuma hanyar a toshe take, ta yi fushi kaɗan ta haƙura. Da aka tashi ma bai bari mun ruga mota ba, ya ce mu zauna mu sha shayi jama'a su ragu tukuna, sannan ya fitar da mu ta wasu ƙananan tituna har muka hau babban titin Ɗarikul Haramain.

Yanzu abin da ya ɓata min rai. Tun a waya na ce wa 'yan kamfanin muna da ƙanana uku da ke buƙatar kujerar yara, aka ce mafi mushkila, wato ba matsala, akwai. Motar ta zo da guda ɗaya tak, ita ma maɗaurinta ya saki. Lokaci ya ƙure, yara sun sa kayan Sallah suna tsalle a ƙofa, haka nan muka ciro ta motar maigidana muka ɗaura, ɗayan kuma uwarsa ta rungume shi har Jidda, a babbar hanya da motoci ke gudu kamar an koro su. Dokar Murur, wato hukumar kula da hanya, ta wajabta kujerar, ana cin tara a kanta, amma ni ba tarar ce damuwata ba, birki ɗaya mai ƙarfi ya isa. Kamfanin da ke tallata kansa da ɗaukar iyali bai kamata ya yi sakaci da wannan ba, kuma na faɗa musu haka washegari, sun ba da haƙuri. Sannan AC ɗin layin baya ba ya kai wa sosai, da Sallah an jure, amma a Satumba da ruɗubar Jidda, wato zafin nan mai laima, waɗanda suka zauna baya za su sha wuya. Kuɗin ma ya haura na ranakun da ba biki sosai, wannan ban yi mamaki ba, sai dai akwai kuɗin jira na bayan sha biyun dare da ba a ambata mana ba sai a hanyar dawowa, ba shi da yawa amma ya kamata a faɗa tun farko.

Ke ma akwai naki shirin, ki rubuta lambar wayarki a hannun kowane yaro ko ki maƙala masa a aljihu don cunkoson ba kaɗan ba ne, lambar gaggawa a yankin Makka da Jidda 911 ce, ki kai su ban ɗaki tun kafin takwas da rabi, jariri kuma a samo masa abin toshe kunne irin mai rufe kunnen gaba ɗaya.

Mun riga mun yi magana da 'yan kamfanin kan 23 ga Satumba, kuma na ce dattijon nan nake so ba wani ba. Sharaɗina su turo min hoton kujeru uku a ɗaure cikin motar ta WhatsApp tun ana gobe, su rubuta kuɗin gaba ɗaya har da na jira, in ba haka ba mu nemi wani kamfanin.