Kafin ka biya kuɗin raba ɗanka da shaye-shaye

Duk wurin da aka ce ana raba matasa da ƙwaya, ba ka rasa mai rantse maka cewa a can ɗan ƙanwarsa ya shiryu. Ba ƙarya yake yi ba. Sai dai wanda ya koma ruwa bayan wata uku ba ya zuwa ba da shaida, iyayensa ma kunya ba ta barin su faɗa. Don haka ko ina ka je, fara da tambayar: mutum nawa kuka karɓa bara, nawa ne har yau ba su koma ba?

Gidan mari ya fi araha, iyaye kuma na kwaɗayin karatu da tarbiyya. Amma a Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani irin gidan a Rigasa, Kaduna, da yawansu a ɗaure, jiki duk tabon duka. Ko babu duka, akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba. Wanda aka kulle wata shida bai sha tiramol ko kodin ba, jikinsa ya daina ɗaukar adadin da ya saba. Ranar da ya fito ya sha kamar da, numfashinsa na iya tsayawa. Yanke giya ko ƙwayar barci farat ɗaya kuwa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har da rasa rai.

Cibiyoyin raba matasa da ƙwaya masu zaman kansu sun bambanta. Kada gini da iyakwandishan su ruɗe ka. Nemi ganin likitan ƙwaƙwalwarsu, ka ji yadda suke bibiyar mutum bayan sallama.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati, irin na Barnawa, Kware, Maiduguri da Dawanau, akwai layi da jira, ga tsoron kada unguwa ta ce an kai yaro asibitin mahaukata. Duk da haka ni can zan fara, domin aikinsu ya dogara ne da hanyoyin da aka gwada a kan ɗimbin mutane, aka kwatanta waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. Suna kuma duba ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin shan. Masu bincike a Amurka sun ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na komawa ko bayan magani, don haka mai yi maka alƙawarin waraka tas cikin kwana 40 ciniki yake nema.

Addu'a da ruƙiyya a ci gaba da su a gida, amma kada a ajiye maganin likita saboda su.