Kantin Maganin Gargajiya da Mahaifiyata Ta Koma Bayan Ta Gaji da Asibiti

Mahaifiyata ta shekara 6 tana shan maganin hawan jini kafin ƙafafunta su fara kumbura. Sau biyu na kai ta asibiti a nan Kano, kuma duka biyun mun yi sammako mun zauna a layi har bayan azahar, sannan likita ya duba katinta, ya sake rubuta mata amlodipine ɗin da take sha, ya sallame mu ba tare da ya ko dubi ƙafar ba. Tun daga ranar asibiti ya fita daga ranta, sai wata maƙwabciya ta kwatanta mata wani kantin magungunan Musulunci da na gargajiya, wanda a kansa nake wannan bayani.

Kantin yana da tsabta, kayansa a jere suke cikin tsari, kuma zumarsa da man zaitun da habbatus sauda da hulba da garin zogale duk masu kyau ne, farashinsu bai wuce na kasuwa ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda mai kantin ya karɓe ta. Ya ba ta kujera, ya gaishe ta da ladabi, ya saurari kukanta kusan rabin awa bai katse ta ba. Wannan sauraron shi ne abin da ta rasa a asibiti, kuma ya kamata likitocinmu su san cewa rashinsa yana korar marasa lafiya.

Matsalar ta taso ne daga wata kwalba da ya ba ta, wadda aka rubuta a jikinta cewa tana maganin hawan jini da ciwon suga da basir da gyambon ciki, amma ba a faɗi abin da aka haɗa a ciki ba. Ya ce mata, "Hajiya, ki ajiye na asibitin tukuna, kada su yi karo." Ya faɗi haka alhali bai auna jininta ba, domin babu na'urar awo a kantin. Da na yi tambaya sai ya nuna mini lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, amma irin lambar da hukumar ke bai wa magungunan gargajiya shaida ce ta cewa an duba rashin cutarwarsu, ba shaidar suna warkar da abin da aka lissafa ba.

Ta ajiye na asibitin, kumburin ya sauka, ita kuwa ta ɗauka aikin kwalbar ne. Bayan mako 3 ta tashi da ciwon kai, muka auna a kemis muka samu 178/104, alhali 140/90 ma an riga an shiga hawan jini. Likitar da muka gani a wannan karon ta danna ƙafar da yatsa, ta tambayi tarihin ciwon, sannan ta bayyana mana cewa amlodipine ɗin kansa yana jawo kumburin ƙafa ga wasu mutane, don haka daina shan sa ne ya sauke kumburin, shi ne kuma ya bar jinin ya hau. Ta canza mata magani, ta ce ta rage gishiri da dunƙulen miya, ba ta kuma hana ta zumarta ba.

Ban raina maganin itatuwa ba. Artemisinin da ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro da shi daga wani tsiro dangin tazargade aka samo shi, kuma 'yar ƙasar Sin Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a kansa a 2015, amma sai da aka gwada shi aka san adadin da ke aiki da wanda ke cutarwa. Wannan gwajin ne kwalbar ba ta da shi.

Mai neman zuma ko man zaitun zai ji daɗin kantin, ni ma har yanzu a can nake saya. Wanda kuwa yake kan maganin hawan jini ko na suga, kada ya ajiye shi saboda maganar da zai ji a wurin. Ranar da na mayar da sauran kwalbar na gaya wa mai kantin abin da ya faru, ya jajanta mana da gaske, ya kuma yi alkawarin sayen na'urar awo. Makon jiya na koma, na'urar ba ta zo ba, kwalaben kuma suna nan a kan kanta.