Wace Waya Za Ka Saya Idan Ba Ka Son A Ji Hirarka?

Makon jiya wani alhaji mai safarar albasa daga Marwa zuwa Duwala ya tsaya a shagona da ke kasuwar Garwa, ya jingina da tebur ya ce, "Yaro, ba ni wayar da ba a sauraro." Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, irin wannan ba ta zo Garwa ba, ban ma ji an ƙera ta ba." Abin da kuɗi ke iya saye shi ne wayar da ta fi wuyar kutse da manhajar da ta fi riƙe sirri. Kafin ka zaɓa kuwa, gara ka san kayan da ke hannun masu sauraron, domin su ma kasuwa suke zuwa kamar kai.

Kayan da aka fi amfani da su ba a wayarka suke ba, a cikin kamfanin layi ake jona su. Kamfanoni irin su Utimaco na Jamus, SS8 na Amurka da Cognyte na Isra'ila suna sayar wa kamfanonin waya da gwamnatoci na'urorin da ke kwafe kira da saƙon tes su miƙa wa hukumar da ta zo da takardar izini. A nan Kamaru dokar tsaron intanet ta 21 ga Disamba 2010 ta ba jami'an bincike damar sauraro, ta kuma wajabta wa kamfanoni adana bayanan haɗi har shekara 10: wa ya kira wa, ƙarfe nawa, daga wace eriya. Layinka kuma da katin shaidarka ka yi masa rajista, ko MTN ne ko Orange ko Camtel. Ni ban ga laifin a bi sawun masu garkuwa da mutane a yankin Mayo-Rey ta wannan hanya ba. Duk wanda aka taɓa ɗauke masa ɗan'uwa ba zai yi gardama ba. Sai dai na'ura ba ta san ɓarawo ba, ba ta san ɗan jarida ba, lambar da aka ba ta kawai take bi.

To a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Suna sayen 'yar ƙaramar itel mai maɓalli suna cewa ita ce mai sirri tunda ba ta da intanet. Batirinta na kwana da kwanaki, gaskiya ne, kuma in an ƙwace ta ba a samun hotuna da takardu a ciki. Amma duk abin da ka faɗa a kanta kiran layi ne tsirara, ta kamfani yake bi. Yawancinsu kuma a 2G suke aiki, tsarin da makullinsa ya tsufa, wanda eriyar bogi ke janyo wayoyi zuwa gare shi don ta karanta lambobinsu. Ka riƙe ta don kiran direba da tambayar farashin buhu, ban da maganar da ba ka so a ji.

Sai babban kaya, wato manhajar leƙen asiri da ke shiga cikin wayar kanta. Pegasus na kamfanin NSO na Isra'ila shi ya fi suna. A 2019 WhatsApp ya kai NSO kotu kan kutsen da ya shafi masu amfani kusan 1,400, a 2021 kuma 'yan jarida suka bankaɗo jerin lambobi kusan 50,000 da ake zargin abokan cinikin kamfanin sun sa wa ido, a watan Nuwamban shekarar Amurka ta saka shi a jerin kamfanonin da ta taƙaita hulɗa da su. Irin wannan in ya shiga, ba ruwansa da makullin WhatsApp, domin allonka yake karantawa. Amma kaya ne mai tsadar gaske, ba a ɓata shi kan mai albasa. Ɗan jarida, lauya da ɗan siyasa su ne ya kamata su damu. Maganinsa mafi kusa shi ne wayar da kamfaninta ke ci gaba da toshe ɓaraka, saboda haka tambayar da za ka yi wa mai shago ba girman kyamara ba ce, ka ce masa: shekara nawa za ta yi tana samun sabuntawa?

Tecno da Infinix sun cika kasuwa, suna da sauƙin kuɗi, gilashinsu in ya fashe kafin la'asar an canja maka. Rauninsu shi ne ƙananan samfurori ba sa daɗewa suna samun sabuntawar tsaro. Samsung ya yi alkawarin shekara 6 ga Galaxy A16, kuma a ganina ita ce tsaka-tsakin da ya fi dacewa da yawancin mutane. Pixel daga ta 8 zuwa sama shekara 7 ce, sai dai in allonta ya fashe a Garwa za ka yi jiran kaya daga Duwala ko Kano. iPhone na da wani yanayin kulle na musamman tun 2022 don waɗanda ke tsoron irin su Pegasus. Amma a yi hattara da ta hannu: iPhone 6 ko 7 da ake tallatawa da araha sun tsaya a tsohon tsari, suna kawai ka saya. Wasu wayoyi masu tsarin Android na 12 zuwa sama suna barin ka kashe 2G gaba ɗaya, ko da yake a ƙauyukan da babu wani layi sai shi, dole ka sake kunnawa.

Zaɓen manhaja ya fi zaɓen waya tasiri, kuma kyauta ne. WhatsApp tun 2016 yake kulle saƙo da kira daga waya zuwa waya, kamfanin layi ba ya jin abin da ke ciki. Ka shiga saiti ka kulle ajiyar hirar da ke tafiya Google Drive, domin ba a kulle take zuwa ba. Signal ya fi WhatsApp ƙarancin tara bayanai a kanka, matsalarsa ɗaya: za ka buɗe ka tarar mutum uku ne kawai cikin abokan cinikinka ke da shi. Telegram da ake yabo, hirarsa ta yau da kullum da ta rukuni ba su da wannan kulle sai ka buɗe hirar sirri da kanka. GB WhatsApp, kwaikwayon WhatsApp ɗin da samari ke turawa juna ta Xender kuwa, ban san wanda ya haɗa shi ba, kai ma ba ka sani ba, amma ka miƙa masa duk lambobinka. Rukunin mutum ɗari biyu kuma babu makullin da zai cece shi, mutum ɗaya ya ɗauki hoton allo shi ke nan.

'Yan'uwanmu na Njamena sun fi mu sanin VPN, tun lokacin da aka toshe kafafen sada zumunta a Chadi daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. Yana tsallake toshewa, yana ɓoye wa kamfanin layi shafukan da kake shiga, amma mai VPN ɗin yana gani, kuma VPN ba ya kare kiran layi ko tes. Na kyauta masu cike da talla ka guje su. Proton VPN da Psiphon an san masu su.

Saura lokacin da wayar ta bar hannunka, a shingen jandarma ko a teburin mai gyara irina. Kamfanin Cellebrite na sayar wa 'yan sanda na'urar zazzage abin da ke cikin waya, kuma tsohuwar waya mai makullin zanen yatsa na L ta fi saurin buɗewa. Ka kulle ta da lamba shida ko fiye, ba shekarar haihuwarka ba.

Alhaji dai A16 ya ɗauka bayan mun yi ciniki har ya kusa tafiya sau biyu. Na cire masa GB ɗin da ɗansa ya sa masa a tsohuwar, na kulle ajiyar, ya zaɓi lambarsa yana kare allon da hularsa kada in gani. 'Yar itel ɗinsa kuwa ya mayar aljihun gaba, ya ce direbobinsa ba su san wata lamba ba sai ita.