Hotuna biyu na bijimi ɗaya: wanne ya dace da gasa?

Ɗan'uwa, ka nuna siga biyu na hoton farin bijimin bokolo da ka ɗauka yana shan ruwa a bakin gulbin Argungu, kana tambayar wacce za ka tura gasa. A ta farko ka datse hoton har kan bijimin ya cika shi, ka ƙara launi sosai, ka kuma goge baƙar ledar da ke yashe a kan rairayi. Ta biyu kuwa ka bar ta da faɗinta, ba ka taɓa komai ba in ban da ɗan haske. Shawarata ita ce ka tura ta biyun, amma sai ka yi mata gyara tukuna.

Ta fuskar tsari, ta farko ta fi saurin kama ido, domin ga ƙwayar idon bijimin kusa, ga ruwa yana ɗiga daga haɓarsa. Sai dai datsawar ta tafi da tozonsa, alhali tozo da gajerun ƙahoni su ne ake gane bokolo da su, kuma kan ya zauna daidai tsakiya kamar hoton fasfo. Ta biyu ta nuna dabbar a inda take rayuwa: ga gulbi, ga kwalekwale can nesa, ga hazon hunturu ya lulluɓe ɗaya gaɓar. Aibinta biyu ne, wato bakin ruwan ya karkata zuwa hagu, sannan bijimin ya matsu da gefen da yake fuskanta. Ka buɗe layukan da ke raba hoto gida tara, ka miƙar da bakin ruwan, ka rage bayan bijimin kaɗan yadda idonsa zai faɗa kusa da mahaɗar layuka biyu, fili kuma ya saura a gabansa.

Akwai kuma asarar da datsa mai yawa ke jawowa, wadda ba a ganinta a allon waya. Hoto mai megafiksel 12, wato ɗigo miliyan 12, yakan zo da ɗigo 4000 a kwance da 3000 a tsaye, kuma idan aka yanke rabin faɗinsa da rabin tsayinsa, megafiksel 3 kawai ke saura. Da zarar alƙalai sun buɗe irin wannan a babban allo, gashin fuskar da ka matso domin a gani zai yi dishi-dishi.

A wajen launi ne tazarar ta fi yawa. Ƙarin da ka yi wa ta farko ya mayar da farin bijimin ruwan lemo, ya kuma ƙone hasken wuyansa har lanƙwasar fatar ta ɓace. Ta biyu ta ɗan kode, amma kodewar ta hazo ce, kuma duk wanda ya san Kebbi a watan Janairu zai shaida cewa haka safiya take. Ban so ka kori wannan hazon, domin a ganina shi ne kyan hoton. Abin da take buƙata shi ne ka rage hasken fararen wurare har gashi ya fito, ka ɗan buɗe inuwar ƙarƙashin wuya, sannan ka ƙara kaifi a kan ido kaɗai. Manhajojin gyaran hoto na Snapseed da Lightroom duka suna ba da damar gyara wuri ɗaya ba tare da an taɓa sauran hoton ba.

Goge ledar shi ne babban haɗarin ta farko. Yawancin gasannin hotunan dabbobi sun yarda da datsa da daidaita haske, amma ba su yarda a cire wani abu ko a ƙara ba, kuma sukan nemi ainihin hoton da ya fito daga kyamara domin su gwada. Gasar da gidan adana tarihin halittu na Landan ke shiryawa ta ƙwace kyautar 2009 daga hoton wani kyarkeci bayan alƙalai sun yanke cewa bisa dukkan alamu kyarkecin horarre ne da ya saba da mutane, ba na daji ba ne. Wannan gasar ba ta ma karɓar hoton dabbar gida, don haka ka karanta ƙa'idojin taka ka tabbatar bijimi yana da gurbi. A siga ta biyu ledar tana bayan ƙafar bijimin, kuma datsar da na ambata za ta fitar da ita ba tare da gogewa ba.

Ka adana ainihin hoton yadda yake, ka yi gyaran a kan kwafi. Idan ta WhatsApp za ka tura, ka aika shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta rage masa inganci.