Masu yi wa bishiya aski: yadda aikinsu ya kasance a gidanmu bayan damina guda

A tsakar gidanmu da ke Kano akwai darbejiya guda wadda mahaifinmu ya dasa tun kafin a haife ni, kuma ta girma har ta fi ƙarfin gidan. Wani babban reshenta ya kwanta a saman rufin kwanon ɗakunan barci, wani kuma ya ƙetare katanga ya nufi gidan maƙwabci, yana gogar wayar da ta shigo mana da wuta daga falwaya. Da iskar farkon damina ta karya wani ƙaramin reshe ya lotsa kwano biyu, sai na tabbatar cewa ba za a ƙara shiga wata daminar a haka ba. A watan Afrilu na nemo masu wannan sana'a, amma na jinkirta rubuta ra'ayina har ruwa ya sauka ya ɗauke, domin aikin bishiya ba a gane kyansa a ranar da aka yi shi.

Mutanen ba su da ofis, ba su da allon talla. Wani mai sayar da itacen girki a unguwarmu ne ya haɗa ni da maigidansu, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya zo shi kaɗai da yamma don ya duba aikin. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne bai yi maganar kuɗi ba sai da ya zagaya bishiyar sau biyu. Ya bubbuga gindinta da ƙotar gatari yana sauraro, domin itace mai kogo a ciki amonsa daban ne da na lafiyayye, ya duba ko gara ta yi gini a jikinta, sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana neman saƙar zuma ko gidan rina, waɗanda ya ce sun fi tsayin bishiya ba mai hawa tsoro. Ya tambaye ni inda bututun ruwa ya bi da inda ramin bayan gida yake, don kada a sauke gungume mai nauyi a kan murfinsa. Ni da nake kwana a gidan ban yi tunanin wannan ba.

Ciniki a wannan sana'a yana da fuska biyu, kuma ya kamata mai gida ya san haka kafin ya buɗe baki. Idan za ka riƙe itacen da aka sare, kuɗin aiki yana hawa, idan kuma ka bar musu, yana sauka sosai, domin za su sayar wa masu itacen girki da masu gidajen burodi. Ya kuma kawo zancen fetur, wanda tun da aka cire tallafinsa a watan Mayun 2023 ya zama babban kaso a lissafin duk mai amfani da inji. Na bar musu itacen, muka daidaita a kan kuɗin da bai kai abin da zan kashe wajen sake rufin ɗaki guda ba, da sharaɗin su kwashe komai har ganye. Daga baya na fahimci cewa wannan yarjejeniya da ta yi mini sauƙi ita ce ta haifar da saɓanin da muka samu, domin wanda ladansa ke cikin yawan itace ba zai so ya sari kaɗan ba.

Sun iso su huɗu jim kaɗan bayan sallar asuba: dattijon, da mai hawa, da mai inji, da wani matashi mai jan igiya da tara rassa. Sammakon yana da dalili, saboda zafin bazara ba ya barin mutum ya daɗe a sama bayan hantsi, iska kuma ta fi tashi da yamma. Kayan aikinsu injin yanka itace ne guda, da gatura biyu, da adda, da tsani, da igiyoyi masu kauri. Dattijon ya ƙi barin kowa ya hau sai da na kira mai gyaran wuta ya cire wayar da ta shigo gidan ya naɗe ta gefe, ko da yake babu wuta a lokacin. Hujjarsa ita ce ba a san sa'ar da za a kawo ta ba, kuma ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta ya kai ta jikin wanda ke riƙe da shi. Jiran ya ci mana kusan awa guda, ban kuwa ji haushinsa ba.

Mai hawan saurayi ne siriri wanda ya ce tun yana yaro a ƙauyensu yake hawa ɗorawa da kuka, yana kuma saro wa shanu ganyen gawo da maɗaci a lokacin rani. Kallon aikinsa shi ne abin da ya fi komai burge ni. Kafin ya taɓa reshen da ke saman kwano, sai ya wuce shi ya hau can sama, ya rataya igiya a wata gwafa mai ƙarfi, ya sauko ya ɗaure bakinta a jikin guntun da zai yanke. Ɗaya bakin igiyar yana ƙasa, an naɗe shi sau biyu a gindin mangwaron da ke kusa da ƙofa, ta yadda matashin nan shi kaɗai yake iya riƙe nauyin da ya fi nasa, yana sassautawa sannu a hankali har guntun ya sauka a fili. Ba su yanke reshen gaba ɗaya ba, daga bakinsa suka fara suna cinye shi gunduwa-gunduwa har suka iso gindinsa. Mai hawan ba ya kai sara na ƙarshe sai ya yi kira an amsa masa daga ƙasa, kuma dattijon bai ɗauke ido daga sama ba ko da aka kawo musu koko da ƙosai.

Na kuma lura da yadda yake rabuwa da kowane reshe mai nauyi. Yakan fara sara ta ƙarƙashi, kamar kamu ɗaya daga jikin uwar bishiyar, ya ci kusan sulusin kaurin reshen, sannan ya koma ta sama ya sara gaba kaɗan da wurin farko har reshen ya ɓalle. Amfanin saran ƙarƙashin shi ne idan nauyi ya rinjayi reshen ba zai fizgo ɓawon bishiyar ya yage shi har ƙasa ba. Daga nan sai ya cire guntun da ya rage, yana barin ɗan kumburin nan da ke wuyan reshe, wanda daga gare shi ne sabon nama yake tasowa ya rufe ciwon. Wannan ita ce ƙa'idar da masana itatuwa suke koyarwa, shi kuwa a wurin dattijon ya koye ta. An gama wannan ɓangaren ba tare da ko ƙusa ɗaya ta motsa a rufin ba.

Injin nasu samfurin 070 ne na kamfanin Stihl na Jamus, irin wanda masu tsaga katako a daji suka fi sani. Yana da ƙarfi ƙwarai, amma nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa sarƙa da takobi, wato dogon ƙarfen da sarƙar ke zagayawa a kai, domin an ƙera shi ne don kayar da manyan itatuwa, mutum yana tsaye a ƙasa. A ƙasan kuwa mai injin ya nuna gwaninta. Yakan tsaya ya wasa haƙoran sarƙar da magagari da zarar ya ga garin katakon ya koma laushi kamar fulawa, ya kuma auna man da yake gauraya wa fetur da murfin gora maimakon ya zuba da ka, ko da yake baƙin man mota yake ɗura wa sarƙar, wanda ya bar mini tabo a siminti. Abin da ban so ba shi ne da suka iso gindin babban reshen, inda gatari zai ɗauki lokaci, sai suka ja wannan ƙaton injin da igiya zuwa sama. Akwai ƙananan injuna da aka yi musamman don masu hawa, waɗanda ba su kai kilo 4 ba. Idan saman bakin takobi ya taɓa itace, injin yakan yi tutsu ya dawo wa mai riƙe da shi cikin ƙiftawar ido, kuma mutumin da ke zaune a kan reshe ba shi da inda zai kauce.

A nan ne babban raunin aikinsu yake. Sun kiyaye rufina da katangar maƙwabcina fiye da yadda suka kiyaye jikinsu. Babu hular kwano a kan kowa, alhali mutane uku suna kai da kawowa a ƙarƙashin rassan da ake sarewa. Mai injin silifa ne a ƙafarsa, babu tabarau, babu abin toshe kunne, ga ƙarar da ta haura ma'aunin desibel 100, wadda ke cinye jin mutum a hankali. Mai hawan kuwa igiya ɗaya ya ɗaura a ƙugu, ita ma sai lokacin da aka miƙa masa injin, kuma igiyar da aka ɗaura a ƙugu kawai tana iya hana mutum kaiwa ƙasa amma ta illata masa haƙarƙari da baya. A inda aka tsara wannan sana'a, mai hawa yakan sa ɗamara mai riƙe cinyoyi, ya maƙale a wuri biyu kafin ya tayar da inji. Da na yi wa dattijon magana, sai ya ce, “Alhaji, tsarewa ta Allah ce.” Na ce masa, “Haka ne, Baba, amma kai ma sai da ka sa aka cire waya.” Ya yi murmushi bai ce komai ba. Ni ma ban wanke kaina ba, domin da na sa wannan cikin sharaɗi tun ranar ciniki, ko na aro musu huluna biyu a wurin masu gini, da ba su ƙi ba.

Saɓanin da na ambata ya taso ne wajen ƙarfe goma sha ɗaya, bayan an gama da rassan da suka kawo su. Dattijon ya ba da shawarar a kundume bishiyar gaba ɗaya, a bar gangar jikinta da 'yan kututture, kamar yadda ake yi wa darbejiyoyin bakin titi, yana cewa za ta tofo kuma zan huta shekaru. Gaskiya ne darbejiya tana da taurin rai, shi ya sa wannan baƙuwa da ta fito daga yankin Indiya ta cika garuruwanmu. Sai dai tohon da ke fitowa a kan kututture a fatar itacen kawai yake maƙale, yana tsayi da sauri, kuma shi ne iska ta fi saurin ɓallewa bayan 'yan shekaru, yayin da babban ciwon da aka bari yake ruɓewa ya zama ƙofar gara. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce kada a raba bishiya da fiye da rubu'in ganyenta a lokaci guda. Na ƙi amincewa, ya kuma bi maganata ba tare da ɓata rai ba, amma a lokacin da na shiga ciki na ɗan huta, an rage ɓangaren maƙwabci fiye da yadda muka yi, an bar kututture biyu masu tsayin kamu uku-uku. Sun kuma shafe wuraren saran da baƙin mai da niyyar korar ƙwari, abin da binciken masanin itatuwa ɗan Amurka, Alex Shigo, ya daɗe da nuna cewa ba ya hana ruɓa, domin bishiya da kanta take killace ciwonta daga ciki.

Wajen kwashe kaya ba ni da ƙorafi. Kafin la'asar sun loda gumagumai a a-kori-kura, ƙananan rassa a kura, sun share tsakar gida har lungun bayan ɗaki, kuma ba su nemi ƙarin ko sisi a kan abin da muka yi ba.

Yanzu da damina ta wuce, sakamakon yana nan a fili ga duk wanda ya ɗaga kai. Wuraren da mai hawan ya yanke bisa ƙa'ida sun fara yin zobe na sabon nama a kewayensu, ɓangaren rufin kuma ya sha iska mai ƙarfi sau da dama ba tare da ko tsinke ya faɗo ba. Kututturen nan biyu kuwa kowannensu ya fitar da tarin toho siriri kamar tsintsiya, wasu sun riga sun doshi wayar da aka yi aikin dominta, bakin ɗaya daga cikinsu ya yi baƙi ya fara tsagewa. Ga wanda reshe ya hau masa rufi ko katanga, kuma yake tsoron ɓarna, zan iya nuna masa waɗannan mutane da zuciya ɗaya. Wanda kuma yake son inuwarsa ta ɗore, to ya biya kuɗin aiki cikakke ya riƙe itacensa, ya nuna kowane reshe da hannunsa, kuma kada ya bar wurin sai an sauko. Na riga na yi magana da dattijon zai dawo da mai hawan a cikin hunturu su gyara kututturen biyu, da gatari kawai, kuma hulunan kwano guda huɗu suna rataye a zaure suna jiransu.